Iddar Jannatu

Injin taliyar da ke ɗaure a gefen teburin Jannatu ya shekara biyar rabonsa da kwaɓin fulawa. Yumɓu yake murzawa, irin yumɓun roba mai launi da ake kawo mata daga Kano a ƙunshe kamar sabulu, wanda ba ya taurara sai an gasa shi. Da hantsin ranar ta ninke falle ɗaya mai ruwan zinari, ta saka shi tsakanin ƙarafan, ta juya hannun injin, ta sake ninkewa ta sake sakawa, kullum ta fuska guda. A zagaye na goma yana nan dishi-dishi kamar laka. Sai wajen na ashirin 'yan ƙananan ƙyalli da ke cikinsa suka kwanta gefe ɗaya, fallen ya ɗauki hasken da ke shigowa ta taga ya watsa shi a tafin hannunta.

Kwana tara ke nan da mijinta Rilwanu ya miƙa mata takardar saki. Tana nan a ɗakinta tana idda, shi kuma ya kwashe kayan sawarsa ya koma ɗakin zaure. Ba faɗa suka yi ba. Ko maƙwabtan da katanga ɗaya ta raba su a unguwar tasu ta Haɗeja ba su taɓa jin muryarsu ta tashi ba, shi ya sa da labarin ya fita mutane suka rasa wanda za su ɗora wa laifi.

Da azahar ta kusa ta ji motsin babur ɗinsa. Rilwanu mai gyaran injin ban ruwa ne, kuma da damina aikinsa yakan yi sauƙi, don manoman shinkafa ba sa neman inji sa'ad da kogi da kansa yake shigo musu gona. Ya yi sallama daga tsakar gida, ya sauke buhun gawayi a bakin kicin, ya tambaye ta ko akwai abin gasawa yau. Ta ce akwai duwatsu goma sha biyu na sarƙar Saude, 'yar maƙwabtansu da za a aurar bayan kaka. Ya hura gawayi, ya ɗora babbar tukunyar da ya zuba wa yashi a ƙasa, ya soka ma'aunin zafi ta ramin da ya huda a murfinta, ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna yana kallon allurar. Tun da ta fara sana'ar nan shi ne mai gashi. Ita ba ta taɓa iya wutar ba: ko ta yi yawa duwatsun su ƙone su yi baƙi, ko ta gaza su fito suna karyewa kamar ɗanyen biskit.

Shekararsu goma sha uku da aure. A lokacin da aka ɗaura, babu wanda ya yi musu zancen gwajin jini, a gidansu na Guri ko a gidan su Rilwanu. Ɗansu na fari, Muttaka, yana wata bakwai hannayensa suka fara kumbura yana kwana kuka. Aka yi ta jiƙe-jiƙe kafin likita ya gaya musu sikila ce, kuma kowannensu yana ɗauke da rabin ciwon a jininsa ba tare da ya sani ba. Muttaka bai cika shekara uku ba ya rasu. Lokacin Jannatu tana da cikin Najwa. Likitan ya ce ba lallai ne kowane ɗa ya zo da ciwon ba, uku cikin huɗu sukan tsira, suka riƙe wannan magana hannu bibbiyu har ranar da sakamakon yarinyar ya fito.

Zaman jinya ne ya koya wa Jannatu yumɓu. Ta bar koyarwar da take yi a makarantar firamare don Najwa ba ta wata biyu cur ba a kwantar da ita ba, sai ta riƙa kallon masu yin ɗan kunne da abin wuya a wayarta tana zaune a gefen gado. Sana'a ce da ake yi a kan faranti, a kan cinya, hannu ɗaya yana murza ɗaya yana shafa ƙafar yaro. Najwa ta tashi a cikinta. Ita ce ta fara raina garin ƙyallin da ake sayarwa a kwalba, ta ce ƙyallinsa na takardar alewa ne, ita irin na cikin kifi take so, lokacin da aka fito da shi daga ruwa yana numfashi. Babanta ya yi dariya, amma bayan kwana biyu sai ga shi da leda cike da makankari, ɓawon nan na bakin kogi mai sheƙi ta ciki, da ya tsinto a inda ya je gyara. Ya kankare cikinsa, ya daka, ya tankaɗe da tsohon ɗankwali har ya zama kamar hoda. Da aka haɗa shi da garin kwalba kaɗan, aka shafa a kan farin yumɓu da yatsa, sai ga wani haske mai sanyi yana sauya launi idan an karkata shi. Matan gari suka fara tambayar aikin Jannatu da suna.

Najwa ta rasu tana da shekara tara, ana saura kwana huɗu azumi. Zazzaɓi ne ya fara, sannan ƙirji, kwana biyu kacal.

Bayan sallah babba Jannatu ta roƙi Rilwanu ya sake ta. Ya ɗauka zafin rashi ne, ya ba ta haƙuri, ya ce su bar haihuwa gaba ɗaya, shi ya yarda su zauna haka har tsufa. Ta ce ta san zai iya. Shi namiji ne, ko ba yanzu ba wata rana danginsa za su sa shi ya ƙara aure, ya samu 'ya'ya masu lafiya, kuma ba za ta ji haushin hakan ba. Ita fa? Shekararta talatin da biyu. Ta yi goyo sau biyu, ta yaye sau biyu, ba ta da ko ɗaya da zai kira ta. Tana son ta haifi ɗan da zai yi gudu a cikin ruwan sama ba tare da gabanta ya faɗi ba, kuma ba za ta sake ɗaukar ciki da shi ta zauna wata tara tana jiran takardar likita ba. Ya yi wata ɗaya yana ƙi. Ranar da ya rubuta, sai da ya yaga takarda biyu kafin ya kammala ta uku.

Mahaifiyarsa, Inna Asabe, ta zo a sati na uku na iddar. Tsohuwa ce mai son Jannatu tun tana amarya, ita ta yi mata wankan jego duka biyun. Ta zauna a bakin gado tana kallonta tana aiki. Jannatu ta danna guntun leshi a kan fallen zinarin nan har zanen furanninsa ya fito, sannan ta ɗauki reza tana shafte tudun zanen a hankali, siriri-siriri, har fuskar yumɓun ta koma sumul. Furannin ba su tafi ba. Suna nan a ciki, kamar an sassaƙa su da zurfi. Inna Asabe ta kai yatsa ta shafa, ba ta ji komai ba, ta sake shafawa, ta janye hannunta.

Ta yi magana mai tsawo. Ta ce rai da ajali na Allah ne, masu lafiyar ma ana binne su. Ta ce ɗanta ba ya cin abinci, wandonsa har ya fara zamewa. Ta ce ita da bakinta ta yi alkawarin ba za ta taɓa yi masa zancen wata mace ba. Jannatu ta saurara kanta a ƙasa. Da tsohuwar ta gama sai ta ce:

"Inna, ke kika riƙe mini Muttaka ranar da aka rasa jijiyar da za a saka masa ruwa. Kin tuna inda aka huda a ƙarshe?"

Inna Asabe ta ja bakin mayafinta ta goge ido, sannan ta tambayi ko akwai sauran ruwan sanyi a randa. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuma duk inda Jannatu ta je ita 'yarta ce.

A cikin kwanakin nan ne al'adarta ta ƙi zuwa. Kwana uku, kwana biyar, kwana tara. Ba ta gaya wa kowa ba, amma aikin hannunta ya tona ta: ta lalata falle biyu da reza, ta zubar da rabin kwalbar garin makankari a kan tabarma. Rilwanu ya same ta durƙushe tana tattara shi da gefen takarda. Shekara goma sha uku sun isa mutum ya san lissafin matarsa. Ya tsuguna ya riƙe mata kwalbar, ya tambaye ta a hankali ko abin da yake zato ne. Ta ɗaga kai. A fuskarsa ta ga abu biyu sun zo tare, murna da tsoro, kuma ta san su ne a tata fuskar.

Idan ciki ne, iddarta ba za ta ƙare ba sai ta haihu. Wata takwas ke nan a gidan nan, da jariri a ƙarshe, da wata takardar likita. Ta kwana biyu tana ƙin zuwa a duba. Ta kama kanta tana lissafin watan da zai faɗo, har tana tunanin suna, sannan ta tuna ƙarar da Najwa take yi idan ciwon ya sauka a ƙashin bayanta, sai ta tashi ta fita tsakar gida ta tsaya a rana. A rana ta uku ya ɗauke ta a babur zuwa wani ƙaramin asibiti. Ta zauna nesa da bayansa, hannunta a kan ƙarfen baya, kamar fasinja.

Ba ciki ba ne. Ma'aikaciyar ta ce damuwa da rashin cin abinci sukan kawo haka. A hanyar dawowa bai bi ta kasuwa ba, ya ratsa ta bakin kogi. Ruwa ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin da ke gangare, kan shinkafa kawai ake gani yana leƙowa, masu kwalekwale suna bi ta inda da hanya ce. Ya tsayar da babur ya kashe. Jannatu ta sauka ta juya masa baya ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar, kuma da za a tambaye ta na sauƙi ne ko na rashi ba za ta iya cewa ba. Shi yana zaune a kan babur ɗin, ya dafe goshinsa da hannu. Wani masunci da ke gyaran koma a kusa ya dube su sau ɗaya ya mayar da idonsa kan aikinsa.

Washegari Rilwanu ya hura gawayi kamar kullum, amma bai zauna a kujerar ba. Ya tura mata ita da ƙafa ya ce ta zauna, daga yau ita za ta riƙa gashi, don a Guri babu wanda zai yi mata. Ya nuna mata yadda ake barin yashi ya ɗauki zafi tukuna kafin a saka faranti, yadda ake janye garwashi biyu idan allura ta fara hawa, yadda ake rufe duwatsun da takarda don kada hayaƙi ya dusashe musu haske. Gashinta na farko ya ƙone, duwatsu shida na sarƙar Saude suka fito kamar gawayin da ya gasa su, wari ya cika gidan. Ta ce ba za ta iya ba. Ya ce shi ma sai da ya ƙona mata tukunya huɗu a farko, ta manta ne. Na biyu ya fito da ɗanye a tsakiya. Na uku ya yi. Ya ɗauki dutse ɗaya da zafinsa yana jujjuya shi daga hannu zuwa hannu, ya matsa shi da farce, ya ce madalla. Daga nan ya shiga ɗakin zaure ya rufe ƙofa, bai fito ba sai da aka kira la'asar.

Haka watannin suka tafi. Ruwa ya fara ja da baya, ya bar laka da warin ruɓaɓɓiyar ciyawa a gefen gari. Waɗanda shinkafarsu ta tsira suka shiga yanka, masu noman rani suka fara kawo injinansu gyara, zauren ya cika da ƙarafa da warin fetur. Jannatu tana goge duwatsun ɗaya bayan ɗaya, da sanfefa mai kaushi a cikin ruwa, sannan mai laushi, sannan da tsumman tsohon wandon jins har hannunta ya yi zafi. Aiki ne da ba a gaggawarsa. Kowane dutse sai ya ci kusan awa guda kafin furen cikinsa ya fara motsi idan an juya shi. Da yamma sukan ci abinci a tabarma ɗaya, kwano daban-daban, suna hirar abubuwan da ba su da nauyi: wanda ruwa ya cinye wa gona, tsadar gawayi, akuyar maƙwabta da ta shigo ta ci zogale. Ta lura ta daina kiransa da komai. Abban Najwa take ce masa tun haihuwar yarinyar, yanzu sunan ya ƙi fita, wani kuma bai zo ba, sai dai ta yi gyaran murya ta fara magana.

Saude ta zo da ƙawayenta biyu karɓar sarƙa ana saura sati uku bikinta. Duwatsu ashirin da ɗaya, na zinari da furanni a ciki, an raba tsakaninsu da ƙananan farare masu hasken makankari, da ɗan kunne da abin hannu. Yarinyar ta saka ta tsaya gaban madubi tana juya wuya, ƙawayen suna ɗaukar hoto. Jannatu ta gyara mata maƙullin ta baya, ta tambaye ta ƙasa-ƙasa ko sun yi gwaji ita da angon. Saude ta ce tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa aka yi, babanta ya ce ba zai saurari kowa ba sai ya ga takarda. Sai kuma ta tuna a gidan wa take, ta sunkuyar da kai. Jannatu ta dafa kafaɗarta ta ce ta ɗago, sarƙar ba ta kyau da sunkuyo.

Da ta ga alamar kwanakin iddar sun zo ƙarshe ta gaya masa da safe, yana ɗaure kayan aiki a bayan babur. Ta ce ta yi waya da yayanta Usaini, zai zo ranar Lahadi. Rilwanu ya ci gaba da jan robar da yake ɗauri da ita har ta kusa tsinkewa.

"Kin san kalma ɗaya ce," ya ce, bai dube ta ba. "Har yanzu ina da ikon faɗarta, in mayar da ke."

"Na sani."

"Kullum da ita nake tashi a bakina."

"Idan ka faɗa zan zauna," in ji ta. "Ba zan kai ƙararka ko'ina ba, ba zan ɗaure maka fuska ba. Amma ina roƙonka kada ka faɗa."

Ya tsaya riƙe da robar. Can ya saki, ya hau babur ya fita. Ranar bai dawo cin abincin rana ba, kuma bai faɗa ba, a ranar ko a kwana biyun da suka biyo.

Usaini ya iso da hantsin Lahadi da wata tsohuwar a-kori-kura da ya aro. Mutum ne mai ƙarancin magana, ya gaisa da Rilwanu hannu biyu, suka shiga fitar da kaya tare kamar masu aikin gayya: gado, katifa, akwatuna, kwanukan da aka kawo ta da su. Matan maƙwabta suka shigo suna taya naɗe labule, wasu suna share hawaye a ɓoye. Kayan Najwa suna cikin wata jaka a saman sif. Rilwanu ya sauko da ita ya tsaya da ita a hannu, bai san ko mota zai kai ba ko ɗaki. Jannatu ta buɗe, ta ɗauki rigar makaranta da takalmi ɗaya ƙafa biyu, ta mayar da zif ta bar masa sauran.

Da aka gama ɗaure kaya Usaini ya shiga mota ya tayar, ya ba su wuri. Jannatu ta tsaya a zaure da mayafinta, a tsakanin injinan mutane. Yanzu ba matarsa ba ce, ko hannunta ba zai iya riƙewa ba. Ta ce ya yafe mata duk abin da ta yi masa. Ya ce babu komai tsakaninsu sai alheri, shi ma ta yafe masa. Ta juya za ta fita.

"Jannatu."

Ta tsaya.

"Idan Allah ya sa kin haihu, ki sa a gaya mini. Ko ba ke ba, ko Usaini ne ya kira ni. Ina so in ji."

Ta gyaɗa kai. Ya raka ta har bakin mota, ya buɗe mata ƙofa, ya tattara gefen mayafinta da ya zubo waje ya saka ciki kafin ya rufe. Usaini ya tambaye ta ko ta manta wani abu. Ta ce a'a, su tafi.